Takarda a Bango, Bashi a Wuya

A Agege aka haife ni, a wani gidan haya da ke kusa da layin dogo, kuma na iya ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya tun kafin in iya rubuta sunana da boko. Mahaifina ya sauko Legas yana saurayi, ya bi sahun Hausawan da fataucin goro da shanu ya zaunar da su a wannan yanki tun zamanin Turawa, ya yi shekara da shekaru yana yaron wani kafin ya kama rumfar kansa. Wanda bai san harkar goro ba zai ɗauka da tsabar kuɗi ake yin ta, alhali kusan duk a kan amana take tafiya: a karɓo kaya daga hannun matan Yarabawa na Shagamu da kewaye, a ɗaure huhu a tura Kano ko Sakkwato, sai an sayar a can sannan kuɗi su dawo a sallami kowa. Saboda haka bashi ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Akwai wani littafi mai baƙin bango da mahaifina yake ajiyewa a ƙarƙashin buzunsa, inda yake rubuta waɗanda yake bi da waɗanda ke binsa da ajami, kuma sau da yawa na ji shi yana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka wanda ya raina rubutun bashi ya raina abin da Allah bai raina ba. Abu ɗaya ne bai taɓa shiga littafin nan ba, shi ne kuɗin ruwa.

Ni ne na fara yin digiri a gidanmu. Na karanta aikin akanta a wata jami'a a Arewa, na yi hidimar ƙasa, na dawo Legas, bayan ɗan zaman jira na samu aiki a 2016 a wani kamfanin da ke fito wa 'yan kasuwa da kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Na yi aure a 2018, Allah ya ba mu 'ya mace. Albashina ya kai naira 180,000 a 2021, kuma duk da cewa nakan bar gida bayan sallar asuba in dawo bayan isha'i saboda cunkoson tireloli da tankoki a hanyar Oshodi zuwa Apapa, rayuwarmu tana da rufin asiri. Ba mu da mota, amma ba a taɓa buga mana ƙofa ana neman kuɗi ba.

A tsakiyar 2021 aka buɗe gurbin mataimakin shugaban sashen kuɗi a kamfanin. Na tabbata nawa ne, har na fara tunanin gidan da za mu koma. Sai aka ɗauko wani matashi daga waje, wanda ni na riƙa nuna masa yadda ake daidaita takardun kwastan da na banki har tsawon wata biyu, aka ce shi ne shugabana. Da na tambayi dalili cikin ladabi, sai aka ce yana da digiri na biyu. Ba zan ɓoye ba, abin da ya kai ni neman ƙarin karatu ba ƙishin ilimi ba ne, zafin wannan rana ne. Da a ce na bari zuciyata ta huce na wata uku, wataƙila da na yi karatun duk da haka, amma da ba ta hanyar da na bi ba.

Na samu gurbi a wata jami'ar gwamnati, karatun yamma da na ƙarshen mako wanda aka tsara domin ma'aikata. Irin wannan karatu ya fi na ɗaliban rana tsada nesa ba kusa ba, kuma da na haɗa kuɗin makaranta na zango biyu da littattafai da kwamfuta da kuɗin bincike, sai lissafi ya tsaya a kan naira miliyan ɗaya da rabi. Na duba inda ake samun tallafi, na ga hukumar TETFund malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyi, hukumar PTDF kuma ta fi karkata ga fannonin man fetur da iskar gas, sannan a lokacin babu wani asusun gwamnati da ɗalibi zai je ya ranci kuɗin karatu. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, domin Jaiz ya fara aiki tun 2012, Lotus kuma ya buɗe a nan Legas a wannan shekarar, amma ban ko taka ƙofarsu na yi tambaya ba, saboda na riga na ji cewa bankin da albashina ke shiga zai ba ni kuɗin cikin kwana biyu ba tare da jingina ba. Gaggawa ce ta zaɓar mini, ni kuma na bi ta.

Har yau ina iya ganin teburin da na zauna a gabansa. Ma'aikaciyar ta ɗauko takardu masu shafi da yawa, ta riga ta sa ƙaramar alama da fensir a duk inda ake son in sa hannu, ni kuwa akanta guda, wanda aikinsa kullum shi ne bin diddigin takardun mutane, na riƙa bin alamar fensir ina sa hannu kamar ɗan firamare. Naira 1,500,000 aka rubuta, za a biya cikin wata 36, ana cire kusan naira 59,000 daga albashi kowane wata. Da na ninka a zuciyata na ga abin da zan mayar ya haura miliyan biyu da dubu ɗari. Gabana ya faɗi, amma nan take na lallashi kaina da wani lissafin: cikin wata goma sha takwas zan gama, a ƙara mini girma, albashi ya kusan ninkawa, sauran bashin ya zama abin wasa. Wato da albashin da ba a ba ni ba, a kujerar da ba a yi mini alkawarinta ba, na auna nauyin da zan iya ɗauka. Kuɗin da suka shigo asusuna ma ba su cika ba, domin an zare na sarrafa takardu da na inshora tun daga tushe.

Ban gaya wa mahaifina ba. Matata kuwa na ce mata kamfani ne ya ba ni rance, ana cirewa kaɗan-kaɗan. Ta dube ni ta ce, "Malam, Allah ya sa albarka," ba ta ƙara ko kalma ba, ni kuma na ji daɗin da ba ta ƙara ba.

Watanni ukun farko sun yi mini daɗi ƙwarai, kuma ya kamata in yi wa karatun adalci. A aji na fara fahimtar abubuwan da na shekara biyar ina yi da ka ba tare da sanin dalilinsu ba, na zauna da ma'aikatan banki da na kamfanonin sadarwa muna muhawara, na ji kaina ya buɗe. Wani abin dariya mai ciwo shi ne, a darasin sarrafa kuɗi aka koya mana yadda ake rarraba biyan bashi, inda na ga da idona cewa a watannin farko rabin abin da ake cire mini ruwa ne, uwar kuɗin kuwa da ƙyar take motsi. Na yi jarrabawar wannan darasi na ci da kyau.

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki. Da farko an ce na gargaɗi ne na wata guda, sai aka yi ta ƙarawa, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Aji ya tsaya, banki bai tsaya ba. Duk ranar da albashi ya shigo, kafin in gama karanta saƙon farko na biyu ya biyo baya, an cire nasu. A cikin waɗannan watanni ne matata ta haihu na biyu, kuma sai da aka yi mata aiki, sannan mai gida ya aiko da takardar ƙarin haya, ga shi a Legas kuɗin shekara ake biya a dunƙule. Kuɗin zango na biyu suna kwance a asusu suna kallona. Na ce bari in taɓa kaɗan in mayar, na sake taɓawa, kafin a koma makaranta babu abin da ya rage sai abin da bai kai kuɗin littafi ba. Da aka koma kuma, gwamnatin Legas ta riga ta hana acaba a Apapa da wasu ƙananan hukumomi biyar tun watan Yuni, saboda haka tafiyar da nake yi a bayan babur in riski darasin ƙarfe shida ta koma ta danfo da ƙafa, sau da yawa sai malami ya kusa fita nake shiga.

A watan Janairun 2023 aka ce a biya kuɗin zango na biyu ko a rasa gurbi. Dole ta sa na je wa mahaifina, na ce masa kuɗin karatu sun gaza, ban faɗi abin da ya cinye su ba. Ya yi shiru, sannan ya sa hularsa ya ce in biyo shi rumfar amininsa, wani dattijo da muke kira Baba Alhaji, wanda tare suka yi ƙuruciya a kasuwar. Lokacin ana tsakiyar rububin canjin takardun naira, kowa yana neman inda zai kai tsofaffin kuɗinsa kafin wa'adi ya cika. Baba Alhaji ya saurare mu, ya jawo wata jaka daga bayan huhunan goro, ya ƙirgo naira 500,000 tsofaffin takardu masu ƙanshin ganyen ɗauri, ya ce, "Ungo, ɗana, yi maza ka kai banki kafin su zama takardar tsire. In ka samu ka kawo, ban sa maka rana ba." Ya rubuta a littafinsa, mahaifina ya zama shaida. A hanyarmu ta komawa mahaifina ya dafa kafaɗata, abin da ba ya yawan yi, ya ce ya ji daɗi da na zo gida da matsalata ban je wa masu ba da kuɗi da ruwa ba, domin yaran yanzu ba su da wannan hankali. Jirgin ƙasa yana wucewa a lokacin, na bar ƙararsa ta amsa a madadina.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin motata zuwa Apapa ya ninka. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 700, kuma tunda da farashin dala ake lissafin kuɗin fito a tashar jiragen ruwa, sai 'yan kasuwar da muke yi wa aiki suka rage shigo da kaya. Teburin da nake tara fayil ashirin a mako ya koma biyar. A ƙarshen Agusta aka kira mu mu bakwai aka ba mu takardar sallama. Wanda aka fifita a kaina saboda digiri na biyu yana cikinmu, kuma tare muka tsaya a bakin titi muna jiran mota, kowa da ambulan a hannu.

Ɗan abin da aka sallame ni da shi ya biya wata guda, saura wata goma sha uku. Daga nan na shiga wata rayuwa da ba na fatan maƙiyina ya shige ta. Kullum da safe nakan sa riga mai kyau in fita kamar mai zuwa aiki, domin matata kaɗai ta san an sallame ni, in je ɗakin karatu in zauna ina rubuta kundin bincike a kan yadda ƙananan kamfanoni za su sarrafa bashinsu, wayata kuma tana kife a kan tebur saboda kiran banki. Na daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Na daina cin abinci da daɗi. Idan liman ya kawo hadisin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi wa wani mamaci salla har sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin bashinsa, sai in ji kamar ni kaɗai ake yi wa wa'azin, in riƙa tunanin wa zai ɗauki nauyin bashin da ba wanda ya san da shi.

Cikin takardun da na sa wa hannu ina bin alamar fensir akwai wata yarjejeniya da Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a 2020, wadda ta ba banki damar bin lambar BVN ta wanda ya kasa biya, ya kwashi abin da yake bi daga duk wani asusu da mutumin yake da shi a wasu bankuna. Doka ce, kuma da hannuna na amince da ita. Matata ita ce uwar adashin matan gidanmu, kuma saboda ba ta son ajiye kuɗi a ɗaki, a wani tsohon asusuna take tara zubin. Wata ranar Alhamis a Janairun 2024 ta ba ni kati ta ce in ciro naira 85,000, domin gobe kwasar wata maƙwabciyarmu ce da za ta aurar da 'yarta. Na tsaya a gaban mai POS na bakin layinmu, ya zura kati sau biyu, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, babu kuɗi a ciki." Na duba waya na ga saƙon da ya shigo tun da dare. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, sai da yaron ya ce in matsa wa na bayana.

A daren nan na sauke manhajar ba da rance ta farko, ta wani mahaɗi da aka turo mini a WhatsApp. Ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayata da hotunana, na danna amincewa ba tare da jinkiri ba. Na san hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta yi ta kai samame kan irin waɗannan kamfanoni tun 2022 saboda tozarta mutane, na sani sarai, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na nemi naira 50,000, aka turo ƙasa da 40,000, aka ce in mayar da cikakkun cikin kwana bakwai. Na sauke ta biyu na cike kuɗin adashin, maƙwabciyarmu ta kwashi kuɗinta tana sa mana albarka. Bayan mako guda na sauke ta uku don in biya ta farko. Kafin azumi ya kama ina da manhaja biyar a waya, kowace tana cin ta gabanta, kuma abin da suke bina ya haura naira 200,000.

Ranar shida ga azumi, bayan la'asar, ƙanina ya kira ni ya ce Baba yana nemana a rumfar Baba Alhaji yanzu-yanzu. Ashe ɗaya daga cikin kamfanonin ya tura saƙo ga duk lambobin da ke wayata, da hotona, an rubuta da Turanci cewa ni ɓarawo ne mai gudun bashi, duk wanda ya san ni ya gaya mini in biya. Baba Alhaji ba ya karanta boko, don haka da saƙon ya shigo ya ga hotona, sai ya miƙa wa yaron rumfarsa ya ce ya karanta masa, yana zaton labarin kammala karatuna ne. Yaron ya karanta da ƙarfi, ya kuma fassara, a gaban mahaifina da dillalai huɗu.

Na same su su biyu kawai, an sallami kowa. Na durƙusa. Na yi zaton faɗa, har na shirya masa, amma mahaifina bai ɗaga murya ba. Ya buɗe littafin nan mai baƙin bango, ya nemi sabon shafi, ya ce, "Faɗa mini su duka, ɗaya bayan ɗaya, kada ka rage ko sisi." Na fara da manhajojin, yana rubutawa. Da na zo kan banki na faɗi shekarar da na karɓa, sai alƙalaminsa ya tsaya, ya ɗago ya dube ni, na san ya tuna ranar da ya dafa kafaɗata a bakin layin dogo. Bai ambace ta ba, har yau kuma bai taɓa ambatarta ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shekara biyu da rabi kana ɗauke da wannan, muna cin tuwo tare?" Baba Alhaji ne ya katse shirun, ya ce nasa a ajiye shi can ƙarshe, domin Allah ya ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Da aka kira magariba, a nan muka sha ruwa, mahaifina ya ɓare dabino ya miƙo mini, na karɓa na kasa haɗiyewa.

Fuskantar matata ya fi wannan wuya. Ita ma saƙon ya shigo wayarta, ya shiga ta yayyenta da ta matan adashi. Na zauna na gaya mata komai tun daga teburin banki. Ta ce talauci bai taɓa ba ta tsoro ba, domin a gidan da ta tashi ma ba kullum ake ɗora tukunya sau uku ba, abin da ya ƙona mata rai shi ne ta riƙa yi mini addu'a a kan rancen kamfani alhali babu shi, kuma in bar ta ta zuba amanar mutane a asusun da na san ana iya kwashewa. Ba ni da amsa. Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. A rana ta huɗu ta ajiye mini wani ƙullin hankici a kan darduma, ciki akwai sarƙar zinare da 'yan kunnen da mahaifiyarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗaki, ta ce in je in kashe wutar banki, ba don ni ba, don kada 'ya'yanta su tashi a gidan da ake cin abinci da ruwa a ciki.

Mahaifina ya karyar da goron da yake ajiye wa bayan salla, lokacin da ya fi daraja, ya biya manhajojin a rana ɗaya, ya sa ƙanina ya goge su a gabansa. Kuɗin zinaren suka share mafi yawan na banki. Sauran kuwa na yi abin da ya kamata in yi tun ranar da aka sallame ni: na shiga bankin da ƙafata, na zauna da jami'in da na yi wata biyar ina guje wa kiransa, na nuna masa takardar sallama, muka sake tsara biyan a kan abin da zan iya. Bai ɗauki awa guda ba.

A wannan tsakani wani abokin Baba Alhaji, dillalin albasa da tumatir a kasuwar Mile 12, ya ce yana neman wanda zai daidaita masa lissafi, domin motoci suna zuwa daga Arewa, kuɗi suna shiga ta waya daga hannu goma, shi kuma ya kasa gane riba yake ci ko uwa. Da a ce shekara biyu baya ne, da na ga aikin ya yi mini ƙanƙanta. Na je na zauna a kan benci cikin warin ruɓaɓɓen tumatir da kwamfutar da na saya da kuɗin banki, na gano masa inda kuɗinsa ke zurarewa, ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani, har na zama ina riƙe wa mutum shida littafi. A nan ne karatun ya fara biyan kansa, ba a ofis mai sanyi da na yi mafarki ba. Na kare kundina a wannan shekarar. Ranar bikin yaye ɗalibai ban je ba, saboda kuɗin hayar riga sun yi daidai da biyan banki na rabin wata, daga baya na je na karɓo takardar, matata ta sa aka yi mata gilashi ta rataye a falo.

A watan Yulin 2024 na samu aiki a wani kamfanin rarraba kayan abinci a Ikeja, kuma a wajen ganawa sun tambaye ni a kan digirin, don haka ba zan ce bai yi amfani ba. Albashin ya fi na Apapa a lamba, amma buhun shinkafar da nake saya wajen naira 40,000 lokacin da Baba Alhaji ya ba ni rance ya riga ya haura 80,000, dala kuma ta wuce naira 1,500. Wannan lissafi ne ya dame ni ranar da na kai masa cikon kuɗinsa a 2025. Naira 500,000 na karɓa, naira 500,000 na mayar, amma ni da na karanta darajar kuɗi a aji na san abin da na mayar bai kai rabin abin da na karɓa ba. Banki ya kare kansa da ruwa, shi kuwa dattijon da ya taimake ni saboda Allah shi ya kwashi asarar. Na ɗora naira 100,000 a kai, na ce kyautatawa ce ba sharaɗi ba, kuma malamai sun halatta. Ya ture su da bayan hannu ya ce ya san halal ne, amma shi da wani ya yi cinikin ba da ni ba, kada in rage masa riba. Ya ja layi a kan sunana, ya ce idan ina son in biya, in riƙa zuwa ranar Asabar ina koya wa yaron rumfarsa lissafi, wato yaron nan da ya karanta saƙon. Ina zuwa har yanzu.

Kwanakin baya ƙanina, wanda ke shekara ta biyu a jami'a, ya zo mini da maganar asusun NELFUND da gwamnati ta buɗe a watan Mayun 2024, wanda ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rancen karatu ba tare da ruwa ba, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ya ce abokansa duk sun cike, minti goma kawai ake yi. Na ce ya kawo wayar. Muka zauna muka karanta sharuɗɗan layi-layi har dare ya raba, washegari na tura shi ya fassara wa Baba da bakinsa, Baba ya saurara, ya yi tambayoyinsa, sannan ya buɗe masa shafi a littafin.

Shafina kuwa an ja layi a kan komai sai abu biyu. Kuɗin goron mahaifina ina biya duk wata, saura kaɗan. Zinaren matata ba a rubuta shi da naira ba, domin ranar da aka zo rubutawa Baba ya tambayi nauyinsa, ya rubuta giram. Ita ta ce ta yafe, shi ya ce ba a gabansa ba. Farashin giram ya yi ta hawa tun ranar da na sayar, kuma duk lokacin da na tara abin da nake zaton ya isa, sai in tarar ya sake gaba. A watan jiya na samu na sayi 'yan kunnen, na kawo mata a cikin hankicin nan nata da na ajiye. Ta juya su a tafin hannu, ta ce ba su kai na Inna kyau ba, sannan ta sa su. Sarƙar ce ta rage.